Kaurar da Ta Je Sama Ta Dawo

Yaya aka yi ƙwayar dawa, wadda kaza ke haɗiyewa ba ta ko ji a wuya ba, ta je inda babu iska babu ruwa, ta ratso wuta ta dawo da ranta, amma yaron da ya aike ta bai ga dawowarta ba? Na tambayi limamin garinmu, ya ce kowa da kwanansa. Wannan na sani, ban kuwa yi jayayya da Mai kwanakin ba. Sai dai tambayar ta ƙi barina. Ina tankaɗe tana nan, ina alwala tana nan.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. Ƙanwar yaron ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma gaya mata idan kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira, kada ta ce in yi haƙuri. Haƙuri na yi shi, kukan ma zan yi. Uwarsa, wato 'yata, ba ta da wannan dama. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa tun yana da rai, ranar da aka fita da shi kuwa ƙuryar ɗaki ta shige ta juya wa mutane baya. Ni kaka ce, babu kunya tsakanina da jika. Don haka nake yin nawa kukan in haɗa da nata.

Yaye aka kawo mini shi nan ƙauyenmu da ke gefen Likoro, bai kuma sake komawa ba. Ba a daɗe ba muka gane yana da amosanin jini. Da damina ta kankama, sanyin ruwa ya shiga ƙasa, sai ƙasusuwansa su tashi. In dafa ruwa in gasa masa gwiwoyi da tsumma, in shafa man kaɗanya, in goya shi, har girma ya zo ƙafafunsa suka fara dukan ƙwaurina. Noma ba nasa ba ne. Kakansa, maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan zaunar da shi gindin ɗorawa a bakin gona ya ce ya tsare goran ruwa. Can yake feren kara. Sauran yara motar kara suke yi, shi kuwa sai abu mai fiffike. Ya jefa, abin ya faɗo ya karye, ya zauna yana juya shi yana duban inda ya karye. Tun a lokacin faɗowar ta fi tashin ɗaukar masa hankali.

Ni da shi wasa ne tun da ya iya magana. Uwargida yake ce mini, ni kuma in ce masa Ango. Da kakansa ya rasu, bayan na fita takaba, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina, lokacin yana sakandare a Makarfi.

Ya ce, "To Uwargida, abokin takarata ya tafi. Yanzu tuwon safe da na dare duk nawa ne."

Na ce, "Mijin da ba ya iya ɗaga dami? Na ƙi."

"Ke ma haƙoran naki nawa suka rage? Haƙuri za mu yi da juna. Wai yaushe za ki bi shi ne mu sha gumba?"

"Sai na ga furfurarka."

Ranar na fara dariya tun bayan rasuwar.

Cikin abin da maigidana ya bar mini babu kamar irin dawarsa. Kaura ce doguwa, mai manyan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, da ya zo da ita daga Saulawa, daga rumbun mahaifinsa. Tuwonta ya kwana ya wuni bai saki ba, karanta kuma in an yi danga da shi sai ya ga damina biyu. Da mutane suka koma masara da sabon iri mai cin taki, shi bai bar ta ba. Bayansa na ci gaba da shuka ta a gayaunata, 'yar gonar da ke bayan gida. Duk shekara in zaɓi zangarniyar da ta fi cika, in murje da hannu, in cuɗa da toka, in zuba a gora in toshe.

Abu biyu ya koya mini game da iri. A raba shi gida biyu, a shuka rabi a ɓoye rabi, domin ruwan farko ba shi da amana, in shuka ta ƙone a sami na sakewa. Sannan iri ba a sayar da shi, ba a kuma hana wanda ya tsuguna ya roƙa. Ya kai gonarsa, in Allah ya ba shi ya dawo maka da zangarniya bayan girbi. Kafin nan ba ka binsa ka ce ya ba ka abinka. Haka muka tarar ana yi.

Yaron ya yi karatu kamar ana korarsa. Daga Makarfi ya tafi jami'a a Zariya, daga can aka ɗauke shi ƙasar waje, ya zama injiniyan abin nan da ake harbawa sararin samaniya, kumbo suke ce masa. Da ya gama, kawunsa ya nema masa kujera a wata ma'aikata, ga ofis ga mota ga asibiti kusa. Ya yi godiya ya ce a'a. Wani ƙaramin kamfani na 'yan kasuwa ya shiga a can, inda aiki ya fi ma'aikata yawa. Kawun ya yi fushi, ya ce mai irin jikinsa inuwa yake bukata.

Da ya zo hutu na tambaye shi dalili. Muna tsakar gida, ina suyar gyaɗa a kaskon ƙasa.

Ya ce, "Uwargida, motar gwamna ta taɓa tsayawa ta ɗauke ki zuwa kasuwar Hunkuyi?"

"Ina ni ina motar gwamna."

"To da me kike zuwa?"

"Motar haya mana."

"Sama ma haka take. Tun da aka fara zuwa, gwamnatoci ne ke zuwa, su ɗauki wanda suka ga dama. Mu motar haya muke ƙerawa. Mai buhu ɗaya, mai ƙullin magani, ɗalibin da ke son gwada wani abu, kowa ya kawo a kai masa a dawo masa da shi."

"Kai ne direban ko kwandasta?"

"Ni ne mai birki."

Ya ce hawa ba ita ce wahalar ba, saukowa ce. Ya tuna mini ranar da ya hau mangwaron maƙwabta ya maƙale sai da aka kawo tsani. Wai abin da ke dawowa daga can da mugun gudu yake zuwa, iska na gugarsa har ya kama da wuta, kamar yadda tafin hannu ke zafi in an murza. Ya nuna gindin kaskona da tsinke, ya ce irinsa yake ƙerawa a ɗaura wa kumbon a ƙasa, sai dai nasa zai ci wutar da ta fi ta maƙera, abin da ke ciki kuma ko ɗumi kada ya ji.

Na ce, "Wato duk karatun nan kasko ka koyo. Da ka faɗa tun farko na kai ka wurin masu ginin tukwane."

Ya yi dariya har da riƙe haƙarƙari. Da dariyar ta lafa ya ɗauki gyaɗa ɗaya yana ɓarewa, bai dube ni ba, ya ce, "Ni ba za su taɓa ɗaukata ba, jinina ba zai bari ba. Amma in abin ya zama haya, wata rana za a ɗauki irina. Wanda ya gina tasha ba dole ne ya yi tafiya ba."

Tun daga ranar ban sake taya kawunsa magana ba. Ciwo yakan kwantar da shi a can, a ƙara masa jini, ya tashi ya koma wurin kaskonsa. Maganar aure kuwa, duk sanda na tayar sai ya ce yana da mata, tsohuwa ce dai amma ta iya tuwo.

Shekarar da ya roƙi irin, shekara ce mara kyau. Ruwa ya ɗauke da wuri, ɓurtuntuna kuma ta mayar da rabin zangarniyoyin baƙin gari. Abin da na tsira da shi na iri bai wuce cikin ludayi biyu ba. Na raba kamar kullum, gora biyu. Da rani ya zo gida. Wata rana bayan la'asar na ga ya cire takalmi tun daga bakin rumfa, ya zo ya tsuguna a gabana yadda manoma ke tsugunawa gaban kakansa. Na ɗauka sabon wasa ne.

"Uwargida, iri na zo roƙo."

"Ina gonar taka take, bisa gajimare?"

"Gaba da nan kaɗan."

Ya ce za su gwada kumbonsu, babu mutum a ciki. Zai hau, ya yi ta kewaya duniya na wani lokaci, sannan ya sauko. An ba kowane ma'aikaci ɗan wuri kamar gwangwanin tumatir ya sa abin da yake so. Wani zobe zai sa, wani hoton 'ya'yansa. Akwai kuma masu bincike da ke son sanin ko iri zai yi irin wannan tafiya ya dawo ya tsira, domin wai wata rana mutane za su bukaci noma a nesa da nan. Ya ce in dai za a yi wa wani iri wannan tambaya, to a yi wa na kakansa.

Na shiga ɗaki na daɗe tsaye gaban gorunan. Ban san sama ba, amma na san ya tsuguna. Na ɗauko na ɓoyo na juye masa a ƙyalle na ƙulle. Ban gaya masa na ɓoyo ba ne, shi ma bai tambaya ba.

Na ce, "Ka san yadda ake yi."

Ya ce, "Na sani. Aro ne."

Ruwan farko na wannan damina ya zo da ƙarfi har kwaruruka suka cika. Kowa ya fita da sungumi, ni ma na fita. Dawa ta tsiro ta yi kunne, sai ruwa ya ɗauke cak. Rana ta yi ta duka. Na riƙa ɗibar ruwan rijiya da gwangwani ina bi gindi gindi, rijiyar ma ta ja baya. Ina kallo shukar ta naɗe, ta yi fari, ta kwanta. Da ruwa ya dawo, maƙwabta suka sayo wani iri suka sake. Ni na shiga ɗaki na girgiza gora, ba abin da ya amsa sai toka.

Na aika Saulawa wurin dangin maigidana, suka ce sun bar ta da daɗewa. Na sa aka duba kasuwar Makarfi da ta Hunkuyi. Kaura akwai, amma gajeriya ce ta zamani, na tauna ƙwaya ɗaya na tofar. A nan na gane duk duniya babu sauran dawar maigidana sai wadda ke ƙulle cikin ƙyallen nan a wata ƙasa.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, aminin maigidana ne tun suna samari, bakinsa ba ya ajiye magana. Ya tarar da ni a gayauna ina tsaye kan busasshiyar shuka, ya ce, "Kin aika wa taurari irin mutum. Sai ki zauna su aiko miki da tuwo." Na bar shi a nan na shige gida.

Ƙanwar jikan nawa ce ta tsegunta masa. Ya kira ta wayar nan da ake ganin fuska. Ranar babu Uwargida a bakinsa.

"Kaka, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni ne?"

"Zan cire shi. Ba a rufe kumbon ba tukuna. Zan ba wani mai zuwa gida ya kawo miki, baɗi ki shuka."

"Ya je saman?"

"Bai je ba. Ki saurare ni da kyau. Na farko da muka gwada bai dawo ba. A hanya ya ƙone, ko tokarsa ba mu samu ba. Na gyara abin da na gani, amma ban isa in rantse miki ba."

Na tuna gorunan nan biyu wayam, na tuna maigidana yana bin zangarniya da yatsa yana zaɓe. Kalma ɗaya zan faɗa a kawo mini abina. Sai na dubi fuskar da ke cikin wayar. Ya rame, idanun sun yi ɗorawa, kuma na san shekarun da ya zuba a kaskon nan. In na ce ya cire, na gaya masa ke nan ban yarda da aikin hannunsa ba.

Na ce, "Kakanka ya taɓa bin mutum gona ya ce tono mini irina?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Ka tsuguna na ba ka. Gonarka ce, ka shuka. In ta yi, ka kawo mini zangarniyata. In ta ƙone, ba kai ne manomin farko da shukarsa ta ƙone ba. Kuma ka daina ce mini Kaka, ban ji ka sake ni ba."

Ya sa hannu ya rufe fuska, ya daɗe a haka. Da ya sauke ya ce, "Tsohuwa mai taurin kai."

Wannan shekara gyaɗa na zuba a gayaunar, don kada ta zauna haka.

Aka yi ta ɗaga ranar tashin kumbon. Kafin ta zo, jikinsa ya ƙi. Likitocin can suka ce ya huta, ya ce in hutu ne a gida zai yi. Ya iso bayan girbi, ana ta yankan rake ana dafa mazarƙwaila, ƙamshinta ya cika gari. Yakan zauna a tabarmata da kwamfuta bisa cinya yana magana da mutanensa da Turanci, wani lokaci har da faɗa. In kai masa kunu ya huce, in sake ɗumamawa. Nasa aikin ya riga ya ƙare, an ɗaure kaskon a jikin kumbon, amma ya kasa sakin abin.

Sai ciwon ya tashi irin tashin da ban taɓa gani ba, wannan karon a ƙirji. Muka kai shi asibiti a Zariya. Can ya cika da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa. Na duba kansa, furfura ko ɗaya babu. Gumbar da ya yi shekaru yana cewa zai sha tawa, ni na jiƙa gero na daka ta sadakarsa. Mata suka ce in ba su taɓarya, na hana.

Bayan sadakar arba'in ƙanwarsa ta zo daga Makarfi, inda take koyarwa, da waya a hannu. Mutanensa sun aiko cewa ranar za a tashi. Matan gida suka kewaye mu. Na ga wani dogon abu fari a tsaye kamar hasumiya, wuta ta fito ta ƙarƙashinsa, ya ɗaga a hankali kamar mai ciwon baya, sannan ya ɓace. Mata suka yi ta salati. Ni ban ji komai ba, don ya riga ya gaya mini hawa ba ita ce aikin ba.

Saukowar na jira. A tsakani, in na fito shanya sai in tsinci kaina ina kallon sama da rana tsaka, kamar mai neman wata.

Ranar saukowa ƙanwarsa ta sake zuwa da wayar, uwarsa ma tana gidan. An nuna wani fili fetal babu ko bishiya, mutane tsaye sun ɗaga kai. Aka daɗe. Ƙanwarsa ta ce yanzu kumbon yana cikin wutar, ba a jin ɗuriyarsa, sai ya fito in zai fito. Na kama carbi na kasa ja. Can sai ga wani ɗigo. Laima ta buɗe a kansa, yana lilo yana saukowa a hankali, ya zauna a ƙasa yadda mace ke sauke tulu. Da aka matsa kusa na ga gindinsa baƙi ƙirin, ya ci wuta ya ƙoshi, samansa kuwa fari tas.

Na ce, "Kaskon Angona ke nan."

Na rangaɗa guɗa, ni da ke cikin makoki, guɗar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Uwarsa tana bakin ƙofa ba ta matso ba, amma na ga ta kafa wa wayar ido har aka kashe.

Ana gab da damina wani abokin aikinsa ya zo, Bature dogo mai tabarau, ƙanwar yaron na yi masa tafinta. A zaure ya ce matar marigayi yake nema. Maza suka dubi juna. Ya ce marigayin kullum yana zancen matarsa da ke gida, wadda ta ba shi aron iri, ya kuma dame su da cewa ko ba ya nan a mayar mata hannu da hannu. Har sun haɗa mata turare da gyale mai furanni irin na 'yan mata. Aka aiko kirana. Na fito da sandata, baki babu haƙora. Mutumin ya dubi ƙanwar yaron, ya dube ni, fuskarsa ta yi ja. Da aka bayyana masa wasan jika da kaka ya yi dariya, sai kuma ya cire tabarau yana share ido. Na ce a gaya masa bai ɓata hanya ba, ni ce, kuma gyalen ina so.

Ya durƙusa ya miƙo mini ɗan gwangwani. Ya ce masu bincike sun ɗebi kaɗan, ga sauran. Na buɗe. Ƙyallena ne, har da tokar murhuna a jiki. Ya ce yanzu mutane layi suke yi a kamfanin, makarantu da masu haɗa magani, kowa na son a kai masa kaya a dawo da shi, kuma duk kumbon da za su ƙera nan gaba da irin kaskon yaron nan za su ƙera shi. Na ce a tambaye shi ko mai buhu ɗaya ma ana ɗaukar masa. Ya ce ana ɗauka.

To amma dawowa daban, tsirowa daban. Irin ya tsufa, ya kuma je inda ya je. Bai cika tafin hannuna ba, duk da haka na raba shi biyu. Ruwan farko ya zo, ina jin sungumi na tashi ko'ina, na zauna a ɗaki na danne zuciyata. Sai da na biyu ya sauka, ƙasa ta sha har na tura yatsa bai taɓo busasshe ba, sannan na fita. Ban bar kowa ya taya ni ba. In sara, in jefa ƙwaya, in rufe da diddige, kowane rami da bisimillarsa. Kajin gidan duka na sa aka tsare su a akurki.

Maganganu ba su ƙare ba. Wata ta ce ita jikokinta ba za su ci abin da ya bar doron ƙasa ba. Liman ya ce da sama da ƙasa Mai su ɗaya ne. Tsohon maƙwabcin nan kuwa kullum safe sai ya leƙo ta kan danga.

"Taurarin sun tsiro?"

"Suna gaishe ka."

Gonakin mutane suka yi kore, gayaunata shiru. Na fara cewa a raina, to, gawa aka dawo mini da ita. Wata safiya na zagaya da buta sai na ga wani ɗan kore kamar allura ya huda ƙasa, raɓa a bakinsa. Na durƙusa. Ga wani can, ga wani. Ba duka suka fito ba, ramuka da yawa ba su ce komai ba har yau. Amma waɗanda suka fito da ƙarfinsu suka fito. Na zauna nan a ƙasa na yi musu sannu da hanya.

Dawar ta wuce danga, ta wuce ɗakina. Ta yi ciki, ta fid da kai. Tsuntsaye suka gano ta, na rataya gwangwanaye a igiya na wuni ina ja. Da aka girbe na murza zangarniya ɗaya a tafina, ƙwayoyi manya ruwan ɗorawa, yadda na san su. Iri na fara warewa, gora biyu, kowanne har wuya. Sauran na surfa aka niƙo, na tuƙa tuwo da miyar kuka na aika wa uwarsa malmala. Ƙanwarsa ta ce a ɗaki uwar ta ci ita kaɗai, da ta fito ta ce a ajiye mata iri.

Ba a jima ba na ji sallama. Tsohon nan ne. Ya cire takalmi, ya dafa sanda ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Iri na zo roƙo."

"Na taurari?"

"Shi."

"Ba ka tsoron ka ci ka tashi sama?"

"A shekaruna, ko ban ci ba tafiyar ta kusa."

Na ba shi. An yi 'yan damuna tun daga nan. Bana akwai ta a gonaki da dama a Likoro, an kai Hunkuyi, dangin maigidana ma sun zo daga Saulawa sun tsuguna, su da suka bar ta. 'Yar sama ake ce mata yanzu. Zangarniyoyin da aka dawo mini da su suna rataye a ɗakina har na rasa wurin sawa. Duk wanda ya zo roƙo, kafin in auna masa sai ya ji wanda ya kai ta ya dawo da ita. Jikana ne, ni na goya shi, injiniya ne, kuma kaskonsa na can yana aiki.

A asibitin nan na Zariya, da safen da zai tafi, ciwon ya ɗan lafa masa. An sa masa robar numfashi a hanci. Ina matsa masa ƙafa yadda nake yi yana yaro. Ya buɗe ido ya ce in matso. Na ce ya yi shiru ya huta. Ya ce gumbar dai ta kuɓuce masa, na yi masa wayo. Na ce ai ban ga furfura ba tukuna, babu inda za shi. Ya yi murmushi, ya daɗe yana tara numfashi. Kalmar shahada ce ƙarshen maganarsa, kawunsa ya laƙana masa ya amsa. Amma ni, abin da ya faɗa mini na ƙarshe shi ne:

"Uwargida, kada ki ba kowa gayaunar nan. Irinki na nan zuwa. In ya zo, ki jira ruwa na biyu."